Takardu Biyu da Gidanmu na Tottenham

Azumin bana ya same mu a ƙarshen sanyi, irin wanda ake shan ruwa tun shaguna ba su rufe ba. Ranar uku ga wata ina tsaye a kicin ina jiran lokaci, ana yayyafi, gilashin taga ya yi gumi, sai na ga hannuna ya tafi da kansa zai kashe hita, alhali ba wanda ya ce a kashe. Na tsaya ina kallon hannun nan ina yi masa dariya. Watan azumi zagaye yake yi, sai ya shekara talatin da 'yan kai kafin ya dawo inda ya bar mutum. To ga shi ya dawo, ya kuma tarar da ni a kicin ɗin da saura ƙiris a fitar da ni daga cikinsa.

A farkon shekarun tamanin muka zo London. Karatu ne ya kawo maigidana, Baban Ummi, amma kuɗin da ake aiko masa daga gida ya ƙafe kafin karatun ya ƙare, sai ya kama aiki a wata masana'antar kujeru da gadaje a nan Tottenham. Shekara shida muka yi a flat ɗin council, gidajen hayar ƙaramar hukuma, hawa na tara, lif ɗin yau lafiya gobe ciwo. A nan na haifi Ummi da ƙaninta Sadiq. Wajen ƙarshen tamanin ɗin sai garin ya ɗauki zazzaɓin sayen gida. Duk inda ka zauna zancen mortgage ake, wato bashin sayen gida, a masallaci mortgage, a gidan suna mortgage. Wasu malamai suka ce akwai riba a ciki, wasu suka ce lalura ce. Baban Ummi ya yi watanni yana juya maganar, daga baya ya sa hannu.

Gidan siriri ne, a jere da 'yan uwansa kamar haƙora, ɗaki biyu a sama, falo da kicin a ƙasa, da ɗan fili a baya wanda bai fi shimfiɗar tabarma uku ba. Amma ranar da aka ba mu makulli mutumin nan ya cire takalmi ya bi ɗakunan ɗaya bayan ɗaya yana shafa bango. Iyakar murnar da ya nuna ke nan. Shi dai dama ba mai yawan magana ba ne, kuma ni Allah ya ba ni baki na mutum biyu, shi ya sa zaman namu ya yi daidai.

Ba mu cika shekara uku ba abubuwa suka juya. Kuɗin ruwa ya yi ta hawa, abin da ake biya duk wata ya kumbura. Masana'antar ta rufe. Ya koma tuƙin minicab, irin tasin nan, a daidai lokacin da masu shiga minicab ɗin su ma suka koma hawa bas. A layinmu alluna suka fito a ƙofofi, gida na sayarwa, gida na sayarwa, ba mai saye. Wata safiya na ɗaga labule na ga an zo fitar da Turawan da ke tsallaken titi, mutum biyu da jaka, na uku yana canza kwaɗon ƙofa. Kayansu a baƙaƙen leda a bakin titi ruwa na dukansu, matar na riƙe da kejin tsuntsu, ta rasa inda za ta ajiye shi. Da la'asar an toshe tagogin da ƙarfe. Na tambayi Baban Ummi ko mu lafiya, ya ce, "Lafiya lau. Ki bar wannan a wajena." Na kuwa bar shi.

Dole in faɗi dalilin da ya sa na bar shi, don 'ya'yan yanzu ba za su gane ba. A tarbiyyar da muka taso, ci da sha da sutura da wurin kwana duk a wuyan namiji suke. Abin da mace ta samu da hannunta nata ne, miji mai mutunci ba ya tambaya, ko wajen ba ya kallo. Mace kuma ba ta leƙa aljihun miji. Shekararmu goma sha uku da aure ban san nawa ne albashinsa ba, shi ma bai san nawa nake samu ba.

Kuma ina samu. Da zan taho daga Katsina uwata ta cusa mini tanda a akwati, ina ta mita cewa za ta ja mini kuɗin kaya. Da tandar nan na fara yi wa maƙwabta waina, daga nan masu suna da biki suka fara yin oda. Na ƙara da dambun nama da cincin. Wani Alhaji mai shago a Peckham yana karɓar dambun duk mako, matan manyan mutanenmu masu gidaje a tsakiyar gari kuma suna aiko direba in za su yi baƙi. Baban Ummi yana kiran abin "wasan kicin ɗinki". Kuɗin wasan ina aika wa uwata, in sayi 'yan kunne saboda auren Ummi wata rana, sauran in zuba a asusun ajiya.

A haka azumin shekarar ya shigo. Wanda bai yi azumi cikin sanyi ba yana ganin sauƙi ne, tunda ba ƙishirwa. Gaskiya ne ba ƙishirwa, amma yunwar sanyi daban take, tana fara cizo tun hantsi, ta bi ƙashi, yatsu su ƙage. Baban Ummi ya ce a riƙa kashe hita da zarar yara sun tafi makaranta, wai iska mai ɗumi tana sa kasala. Na yi kamar na yarda. Muka koma ɗaki ɗaya da hitar kananzir, warinta ya kama labule da bargo har da gashin yara. Bangon ɗakin baya ya fara yin baƙin danshi. Da asuba in sauko yin sahur ina ganin numfashina, ruwan famfo kuwa kamar ana yanka hannu. Gero ba ya samuwa sai an dace, don haka kunun shan ruwa da oats, wani hatsin Turawa, nake yi, in zuba tsamiya in rufe ido in ce kunu ne. Tuwon garin shinkafa, miyar kukar da wata ta zo mana da ita tsaraba, ina tsimi da ita cokali-cokali. Ummi kan zauna cin abinci da kwat a jikinta ta ce, "Mum, it's freezing." In ce mata ta matso kusa da tanda.

Ranar biyar ga azumi na hau kujera na sauko da akwatin da ke saman kwaba, ina neman wani mayafi mai kauri. A ƙarƙashin manyan rigunansa na tarar da su, wasiƙu an ɗaure da roba, sun fi ashirin, rabinsu ko buɗewa ba a yi ba. Na ƙasa baƙin rubutu, na sama ja. Ta ƙarshe mai tambarin kotu ce, da rana da lokaci a jiki, saura kwana goma sha tara. Na zauna a bakin gado da takardar a hannu har ƙafafuna suka yi sanyi, ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba.

Gida uku tsakaninmu da Hajiya Adiza, mutuniyar Kumasi, wadda ke sharar ofisoshin council da sassafe. Irin matan nan ne da ba abin da ke faruwa a unguwa ba su sani ba. Hausarta ta zango ce, mace da namiji duk "ka" ne a bakinta. Ta karanta takardar tana motsa leɓe, ta ninke ta miƙo mini.

"Maman Ummi, ka zauna tukun. Wannan court ne. Suna so su yi repossess, su ƙwace gida. Mijinka ya gaya maka?"

Na girgiza kai.

"Maza! Duka ɗaya ne, Kumasi, Katsina. Ka ji, akwai wani mata a High Road, saman laundrette, shagon wanki, Misis Doreen. Shi ke taimakon masu wannan wahala. Gobe zan yi muku booking."

"Nawa take karɓa?"

"Ko kwabo. Ka kai mishi kaza ma ba zai karɓa ba."

Ban yarda ba. A sanina duk inda aka ce kotu da takarda, to a shirya kuɗi.

Da magariba na bari ya sha ruwa, ya yi salla, ya ci tuwo, yara suka hau sama. Sannan na ajiye wasiƙun a kan tabarma tsakanina da shi. Ya daɗe yana kallonsu. Ba faɗa ya yi ba, da ma faɗan ya yi da ya fi mini sauƙi. Cewa ya yi, "Tun ranar da na sa hannu a takardar nan zuciyata ba ta kwanta ba. Ina jin horo ne saboda ribar nan. Ranar Juma'a zan mayar musu da makullinsu, mu koma wajen council su ba mu ko ɗaki ɗaya ne. Ni ba zan tsaya gaban alƙali kamar ɓarawo ba."

Na ce, "Malam, in ma horo ne, Allah bai hana wanda ake horo neman magani ba. Mu je mu ji matar nan. In ba ta da abin cewa, ni zan raka ka kai makullin."

Ofishin Misis Doreen ɗaki ɗaya ne, ƙasan yana rawa saboda injinan wanki, ko'ina ƙamshin sabulu. A kan matakala mutane ne zaune har ƙasa, baƙi da farare, kowa da tasa ambulan a hannu, ba mai kallon wani. Ita kuwa wata 'yar tsohuwa ce siririya, tabarau rataye a wuya da igiya, rigar sanyinta ta sha faci a gwiwar hannu. Ta ɗauko mana shayi, muka ce muna azumi, sai ta ɗauke har da nata ta kai bayan taga, ba ta sake taɓa shi ba har muka tashi. Ta buɗe wasiƙun nan ɗaya bayan ɗaya, har waɗanda shi ya kasa buɗewa, tana jera su bisa tebur kamar mai tsince shinkafa. Ko sau ɗaya ba ta ce don me kuka bari ya kai haka ba.

Abu na farko da ta gaya masa shi ne kada ya kuskura ya mayar da makulli. Ta ce gidaje sun faɗi, za su sayar da shi a wulaƙance, abin da ya rage kuma su biyo shi da shi, ga ba gida ga bashi. Ta ce akwai ƙungiyoyin da ke sayen gida su bar mutum a ciki yana haya, amma layinsu ya fi kwanakin da muke da su tsawo. Ta gano akwai wani benefit, tallafin gwamnati, na masu aiki da yara da ƙaramin samu wanda ya cancanta bai taɓa nema ba. Ya ce shi ba ya bara. Ta sauke tabarau ta ce shekara nawa ya yi ana cire masa haraji a masana'anta? Nasa ne, ba kyauta ba ce. Sai ya bari ta cike takardar.

Sannan ta ce alƙali abu ɗaya yake son gani: za mu iya biyan na kowane wata, mu ɗora wani abu a kai don rage na baya? In takarda ta nuna haka, yana da ikon barin mu a gidanmu. Ta ja farar takarda ta raba ta biyu, shiga da fita. A nan, gaban baƙuwa, na fara jin abin da mijina ke samu a mako, kuma sai da na ji kamar in yi kuka, don ban san da me yake ciyar da mu ba. Ta haɗa, ta sake haɗawa. Bai kai ba. Ta juyo gare ni ta tambaya ko ina aiki.

Kafin in buɗe baki ya ce, "No, she is a housewife."

Ni kuwa, da bakin nan nawa, na yi gum. Ba zan ƙaryata mijina gaban bare ba. Misis Doreen ta dubi hannuna, duk tabon ƙunar mai, ta dube ni. Ta ce mu je mu yi tunani, ƙofarta a buɗe take.

Ranar bayan shan ruwa na kawo littafin asusuna na buɗe masa. Bai karɓa ba, amma idonsa ya faɗa kan shafin, na ga ya ɗan ja baya.

"Wannan duk daga wainar?"

"Daga wasan kicin."

"Rufe. Ki mayar inda kika ɗauko." Ya ci gaba, "Ranar da Baba ya ba ni ke, ya tambaye ni ina da inda zan ajiye ki, na ce ina da shi. Yau in je gaban alƙalin Turawa in ce matata ce za ta biya mini kuɗin gida? Gobe a ji a masallaci? A ji a Katsina?"

Na ce, "Baba ya ba ka ni ka ajiye a gida ne, ba a bakin titi da baƙar leda ba."

Na san na yi kaifi. Ya tashi ya ɗauki makullin mota ya fita aiki. Kwana huɗu daga gaisuwa ba abin da ke haɗa mu, amma dai Juma'a ta zo ta wuce bai kai makullin gida ba.

Ni kuma na koma wajen Misis Doreen, Hajiya Adiza ta raka ni. Na zayyana mata komai. Tsohuwar nan ta yi dariya har da tafa hannu, ta ce ta sani, mai zaman banza ba ta da irin wannan hannu. Amma ta ce alƙali ba ya aiki da baki, sai shaida, kuma dole in yi rajista in fara biyan haraji kamar kowane mai sana'a. Haka aka yi na zama 'yar kasuwa a takarda ina da azumi a baki. Alhajin Peckham ya rubuto wasiƙa cewa yana karɓar kayana duk mako. Mata uku daga cikin masu oda su ma suka rubuto.

Goman tsakiya da farkon goman ƙarshe ban san yadda suka wuce ba. Hajiya Adiza ta baza labari cewa ina karɓar odar buɗa-baki da ta salla, ba ta faɗi dalili ba, amma mata ba sa bukatar a faɗa musu. Da azahar sai ka ga sun shigo da lema tana ɗiga, wannan ta wanke shinkafa, wannan ta yanka albasa, wannan ta zauna dakan nama. Mu biyar, shida a kicin ɗin da mutum biyu ke gogayya. Ga ƙamshin waina yana tashi, ga yunwa, ba mai iya ɗanɗana gishiri, sai mu jira Sadiq, da bai fara azumi ba, ya dawo daga makaranta. Tagogi suna zubar da gumi, kuma a duk gidan nan ne kaɗai wuri mai ɗumi. Ba wadda ta karɓi ko sisi. Har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi, don wasunsu sunansu kawai na sani.

Ranar kotu an tashi da ruwa. Baban Ummi ya sa kwat ɗinsa ta zuwa neman aiki, ni na sa atamfa da kwat a sama. Ina zaton zan ga babban zaure da alƙali mai hular gashi, sai muka tarar da wani dogon baranda mai kujerun roba, cike da irin mutanen da muka gani a matakala. Misis Doreen ta riga mu zuwa, takalmanta sharkaf. Ta zaunar da mu ta buɗe jaka ta fito da takardu biyu. Ta ce wa Baban Ummi ta farko tasa ce, ta biyu ta haɗa da samun matarsa da abin da za ta iya bayarwa yau daga ajiyarta. Ta ce sunansa ne a kan gidan, shari'arsa ce, ba za ta miƙa ta biyun ba sai ya ce a miƙa. Ya dube ni. Na sunkuyar da kai. Ya ce a ba da ta farko.

Aka kira mu. Ɗan ƙaramin ɗaki ne da dogon tebur, alƙalin wani dattijo mai sanƙo cikin kwat irin ta kowa, yana fama da mura. A ɗaya gefen lauyan masu ba da bashin, ya karanta abin da ake bin mu cikin sauri, da gani ya karanta irinsa sau goma tun safe. Alƙalin ya duba takardar farko, ya bi ta da biro layi-layi. Ya ɗago ya ce wa Baban Ummi ya ga mutum ne mai ƙoƙari, kuma ya yi baƙin ciki, amma da wannan lissafi ba abin da doka ta bar masa. Kwana ashirin da takwas mu bar gidan. Ya jawo wata takarda ya cire murfin biro.

Ina jin ƙarar ruwa a taga. Misis Doreen ta ɗora hannu a kan jakarta ba ta buɗe ba. Bakina cike da magana, na danne ta da haƙori, ina ta salati a zuci. Na riga na fara tunanin wace leda zan sa tanda.

Sai na ji kujera ta motsa. Baban Ummi ya miƙe tsaye, ko da yake ba a tsayawa a ɗakin. Ya ce, "Sir, there is another paper." Ya ci gaba da Turancinsa na makaranta, a hankali, kalma ɗaya-ɗaya. Ya ce da ya faɗa cewa matarsa ba ta aiki, ba gaskiya ya faɗa ba. Ya ce tana aiki fiye da shi, kuma a watannin nan tana samu fiye da shi. Ya ce a ƙasarsu abin kunya ne namiji ya faɗi haka, amma gaskiyar ke nan.

Wallahi na taɓa ganin abubuwan mamaki a garin nan, amma ban taɓa ganin kamar wannan ba. Mutumin da ya gwammace ya rasa gida da ya buɗe ambulan, shi ne tsaye yana wannan magana gaban Turawa uku. Kunnuwana suka yi zafi, hawaye na zuba ban ma san sun fara ba.

Alƙalin ya mayar da murfin biro. Ya karɓi takarda ta biyu da wasiƙun, ya karanta su duka, har ta Alhajin Peckham mai rubutu kamar tafiyar kaza. Ya tambaye ni da kaina ko da yardata ne, ba wanda ya tilasta ni. Na ce da yardata. Ya tambaya mece ce waina. Na shiga yi masa bayani da hannu da baki, har lauyan ya yi murmushi. Lauyan ya so ya ce sana'ar gida ba ta da tabbas, alƙalin ya ce masana'anta ma an gani. Ya rubuta, ya karanto mana: muddin muna biyan na wata da ƙarin da muka yi alkawari, ba mai taɓa mana gida. Duka abin bai kai minti goma sha biyar ba.

A baranda na kama hannun Misis Doreen ina ta zuba mata addu'a da Hausa. Ta ce amin, ko ina ta koya oho, ta zare hannunta don an riga an kira sunan wasu, ta bi su da jakarta. Da salla na kai mata dambu cike da kwano, ta ɗiba da yatsa biyu ta ɗanɗana, ta miƙa sauran ga mutanen da ke zaune a matakala.

Shekara huɗu muka yi kafin mu share na baya, ba mu tsallake wata ko ɗaya ba. Amma abin da ban yi tsammani ba ranar salla ya faru, mako ɗaya bayan kotu. Falo cike da maza an dawo daga idi, ina kicin ina juya waina, ƙofa a buɗe. Labari ya riga ya zaga cewa gida ya tsira, sai na ji wani dattijo yana cewa, "Malam, ka yi namijin ƙoƙari. Yadda ake ƙwace gidajen nan, kai ka riƙe naka."

Na saurara, don na san zai ce alhamdu lillahi ne a wuce wurin, kuma da hakan ya yi ba zan ga laifinsa ba.

Ya ce, "Alhaji, ba ni na riƙe shi ba. Ni har na shirya mayar da makulli. Wainar da ke hannunka ita ta riƙe shi. In za ka yi addu'a, ɗaga murya, mai ita tana kicin."

Can dattijon ya gyara murya ya fara addu'a da ƙarfi, maza suna amsawa da amin. Ni kuwa ina tsaye da tsinke a hannu, na kasa ko juyawa, har waina bakwai ta ƙone a tanda.